Bakwai Ne, Ba Takwas Ba

A shekarar 1989 Zinariya ce kaɗai mace a cikin masu gyaran injuna na wani asibiti a Sakkwato. Injin awon jini ya hana ta sakat. Awon yana yi daidai, amma in ya aika sakamako ta waya zuwa firinta, sai takarda ta fito da shirme.

Ran Asabar ta kwaso injin da firintar zuwa gidansu a Mabera, har da sabon osiloskof ɗin ofis, wato na'ura mai gilashi da ke zana yadda wuta ke tafiya cikin waya. Ta baje su a zaure. Mahaifinta, Malam Mika'ilu, wanda ya yi shekara talatin yana gyaran injin talgiram a gidan waya, yana kan buzunsa yana satar kallo.

Da farko koren layin da ke kan gilashin rawa kawai yake yi. Ta saita na'urar ta jira tashin wutar na farko, ta cafke shi. Nan take zanen ya tsaya cak, hawa da sauka kamar matakala.

"Mi kika yi mashi yat tsaya?" in ji tsohon.

"Na ce ya riƙe harafi guda, Baba."

Ya matso, ya gyara tabarau. "Ikon Allah! Mu da kunne muka san abin ga, ban taɓa ganin shi da ido ba. Wanga na farko sallama ce, ko?"

"Ita ce."

Ya ɗora farce a gilashin yana bin gaɓoɓin harafin ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi. "Bakwai, kuma ya huta. Ita firintar taki nawa take jira?"

Zinariya ta yi kwana huɗu tana zargin waya, ba ta ƙirga ba. Ta juya firintar, ta duba ƙananan makunnan bayanta. An saita ta a takwas. Ta tura ɗaya da bakin biro ta mayar da ita bakwai, sai ga lambobi suna fitowa tsaf.

Ta yi dariya har da ƙwalla. Shi kuwa ya koma buzunsa yana gyaran murya, wai shi bai yi komai ba.

Da ta fara naɗe wayoyi sai ya ce, "Ɗiyata, bar shi nan zuwa la'asar mana. Lawwali na nan tahe, tare munka yi aiki. Ina so shi ma ya gani."

Ta mayar da filogin, ta shiga ciki ta ɗora masu shayi.