Aron Riga

Illo mahauci ne a Ƙofar Marke. Ya yi furfura cikin wankin tumbi da hanji, bai taɓa toshe hanci ba. Da aka buɗe ajin Yaƙi da Jahilci a unguwar, ana ta zancen mulkin kai ya ƙarato, shi ya fara shimfiɗa buzunsa. Kan nasa da tauri, gaskiya, baƙaƙen boko sun ba shi wuya fiye da bijimi mai tutsu. Amma ya nace har ya iya haɗa kalma, sannu sannu. Burinsa ɗaya ne, ranar jarrabawa ya miƙe ya karanta da bakinsa.

Ana gobe jarrabawa Malam Na'Allah, mai koyar da ajin, ya zo mahauta yana tattare wando.

"Baba Illo, ba ni aron rigakka ta aiki."

"Mi za ka yi da ita, Malam?"

"Kai dai kawo. Gobe zamna baya, in anka kira sunanka yi kurum. Ajin da anka hwaɗi, ruhe shi akai."

Illo ya tuɓe ya bayar, don ba a musu da malami.

Kashegari mai dubawa ya kira, "Illo mahauci!" Sai ga Siddiƙu, ƙanen Malam, wanda ya gama elemantare tuntuni kuma ko kaza bai taɓa yankawa ba, ya miƙe cikin rigar Illo yana yamutsa fuska. Ya zuba karatu kamar ruwa. Mai dubawa ya ji daɗi, ya ce, "Har mahauta!" Ya ƙara da cewa lalle sauran azuzuwa su zo su koyi dabarar Malam Na'Allah. Kai, tir! Illo kuwa yana can baya yana bin allo da leɓe, bai ɓata ko kalma ɗaya ba.

Bayan 'yan kwanaki Malam ya dawo da rigar, an wanke ta an turara, haɗe da takardar shaida. "Ga ta, Baba, ka ci!"

Illo ya ɗora yatsa ya karanta sunansa da kansa, daidai. Hajjo mai tuwo na tsaye tana jiran hanji, sai ya naɗe mata shi a takardar.

Rigar kuwa bai sake sa ta ba. Ya ce wari take yi.