Taku Arba'in Daga Bakin Rijiya

"Rage gudu, ba buhun hatsi ka ɗauko ba," in ji Mai Sikeli daga bayana.

Ban fi gudun keke ba, amma na ƙara sassauta babur ɗin. Duk ramin da muka faɗa sai na ji ƙasusuwan ƙirjinsa a gadon bayana. 'Yarsa ba ta so na fito da shi ba, don sati uku ke nan ko ƙofar gida bai leƙa ba. Ni ma ba da son raina ba ne. Sai dai masu tarakta sun ce ranar Litinin za su mayar da kufan tsohon garinmu gona, kuma a can 'yata ta fari take kwance. Kwana biyu ta yi a duniya. Ina asibiti wajen uwarta, Mai Sikeli, maƙwabcinmu a lokacin, shi ya binne ta. Da na dawo ban iya zuwa wurin ba, daga baya kuma kunya ta hana ni tambaya. Shekara ashirin da huɗu ke nan.

Garin babu shi. Sai tudun ƙasa nan da can, da ciyawa, da layin dogo da ya nutse.

"Nan ne sito," ya nuna wani fili da haɓa. "Nan sikelina yake. Ranar da jirgin ƙasa zai tsaya, amalanke har bakin makaranta. Da ya daina tsayawa, kwalta ta bi ta wani wajen, tela ne ya fara kwance rufinsa. Kai ne na goma sha ɗaya. Ni na tashi ƙarshe, har share ƙofar gida na yi, ban san don wa ba."

Rijiyar ta cike, sai bakinta na siminti. Ya jingina da shi ya huta.

"Daga nan, ka fuskanci ƙarfen can na 'yan jirgi. Taku arba'in."

Na riƙe shi ta hammata, yana jan ƙafa yana ƙirgawa. A na arba'in muka tsaya a kan daɓen wani tsohon ɗaki. Na tona gefe da gefe da fartanyar da na zo da ita. Ba komai sai fasassun kwalabe.

"Baba, ka tabbata?"

"Shekara talatin ina awo, ban taɓa ɓatar wa mutum ƙwaya ba."

"To ko ba wannan ƙarfen ba ne?"

Ya zauna a daɓen yana haki, leɓensa ya yi fari. Na fara tunanin abin da zan gaya wa 'yarsa, da abin da zan gaya wa matata. Can ya zuba wa sawunmu ido, nasa a jaye, ƙafa kusa da ƙafa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Ƙafar ce ta tsufa. Shekarunka nawa?"

"Hamsin ba ɗaya."

"Kamar ni a ranar. Koma rijiya. Ka buɗe ƙafa sosai, ranar hadari ne ya taso mini, ga jaririyar a hannuna."

Na koma, na taka. Na wuce shi tun a na ashirin da biyu. A na arba'in na durƙusa. Sara uku fartanya ta yi ƙara. Dutsen sikeli ne na ƙarfe, mai kilo biyu, ya yi tsatsa.

"Nauyinta ke nan," ya ce da na taimaka masa ya ƙaraso. "Hannuna ba ya kuskure. Shi na sa mata alama. Shekara biyar ina haɗa ƙananan duwatsu in cike gurbinsa, manoma na yi mini tsiya."

A hanyar dawowa bai ce na rage gudu ba. Kansa na kan kafaɗata, ni kuwa ina ta kiran "Baba" don in ji ya ce "uhm".

Ranar Lahadi da hantsi ya cika. 'Yarsa ta miƙo mini hular da ya sa ranar da muka je, wai na riƙe.

Litinin da safe na kafa turaku huɗu kewaye da kabarin, na ɗaura igiya. Direban taraktar ya leƙo, ya ɗaga kafaɗa, ya karya kan motar. Kunyoyin suka taho a miƙe tun daga inda sito yake, suka lanƙwasa a wurin, suka sake miƙewa. A tsakiyar igiyar matata na zaune a ƙasa, tana goge tsatsar dutsen da bakin mayafinta.