Muryar Inna a Cikin Salula

Shekara biyu na yi ina cika baki a fadarmu ta shan shayi kan iPhone ɗin da na sayo. Duk lokacin da Karim, mai gyaran salula a bakin kasuwa, ya fito da Android ɗinsa, sai in ce masa: "Naka zaure ne, kowa shiga yake da takalmi. Nawa gidan manya ne, a kulle."

Shi kuwa ya ce: "Gidan manya, amma kai mai gidan ba ka da makulli."

Ranar wata Laraba surukina, Malam Hamidu, ya zo daga Dabaga. Matarsa Inna, mahaifiyar matata Zahra'u, ta yi wata huɗu da rasuwa. Ya ji labarin cewa ranar sunan ɗiyarmu na ɗauki Inna bidiyo tana yi wa jaririya addu'a. Ba wanda ke da muryarta sai ni.

Ya zaro ƙaramar salularsa mai maɓallai daga aljihu, ya miƙo mini da hannu biyu. "In ba takura, a zuba mini ita nan."

Na kunna bulutut don in tura masa bidiyon, na jira. Salulata ta ƙi ko kallon tasa. Na juya tawa ina neman ramin kart memwar, wato katin ajiya, alhali na san ba ta da shi.

Na tafi wurin Karim. Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Turo mini ta WhatsApp, in sa wa tsoho a kart. Minti biyu. Amma gobe a fada sai ka faɗa da bakinka zaure ya ceci gidan manya."

Wasa yake yi, na sani. Duk da haka na ce masa na gode, ni ma na iya.

Na koma gida, na nemo a intanet yadda ake fasa makullin salula ta karɓi abin da mai ita ke so. Bayanin da Faransanci ne, ni kuma Faransancina ya tsaya a aji shida. Na jona ta da ordinatar, wato kwamfuta, na yi ta danna "oui" duk inda aka tambaye ni. Salula ta yi baƙi, ta dawo tana yi mini sannu da zuwa kamar ba ta taɓa ganina ba. Komai ya goge, har da bidiyon Inna.

Na koma wurin Karim, ya duba ta har la'asar, bai yi dariya ba ko sau ɗaya. "Ka ajiye kwafi a wani wuri?"

Ban ajiye ba. Wurin ajiyata na intanet ya cika tun bara, na yi ta share gargaɗin.

Na tarar da Malam Hamidu a tabarma, ya riga ya goge gilashin salularsa da gefen rawani. Na durƙusa na gaya masa, ido a ƙasa. Zahra'u ta tashi ta shige ɗaki.

Malam Hamidu ya dubi salularsa. Sannan ya mai da salular aljihu.

"Allah ya ƙaddara. To kai da ka riƙe ta duk wannan lokaci, faɗa mini, me ta ce a addu'ar?"

Na nuna bidiyon nan a fada ya fi sau goma, don a ga kyan hoto. Ina iya faɗin launin gyalen Inna da zanen tabarmar da ta zauna a kai. Kullum da murya a kashe nake nuna shi, saboda hayaniya.

"Baba," na ce, "ban saurara ba."