Kujera Mai Ɗingishi

"Wai me yake bugawa kuma?" Malama ta tambaya daga kan gado, idonta a rufe.

Rediyo ta leƙa ta taga. "Ƙofar bayi ce yau. Jiya famfo, kafin nan fanka."

"Haka ubansa yake. In abu ya dame shi sai ya nemi guduma."

Mai bugun ɗan Malama ne, shi kaɗai ta haifa, kowa Injiniya yake ce masa. Tun da likita ya ce a mayar da Malama gida, babu sauran abin da asibiti zai yi mata, ya ɗauki hutu ya taho da akwatin kayan aikinsa. Ya gyara duk abin da ya lalace a gidan, har da waɗanda lafiyarsu ƙalau. Abu ɗaya ne ya gagare shi, ya shiga ɗakin uwarsa ya zauna. Sai dai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Mama, ya jiki? Akwai abin da kike so?" Kafin ta buɗe baki ya yi gaba.

Ita kuwa Rediyo maƙwabciya ce, ƙofarta na kallon tasu. Mijinta ne ya laƙaba mata sunan, ya ce ai gara rediyon gaskiya, shi ana iya kashe shi. Ta bar koyarwa a firamare ta koma karatun aikin ba da shawara, wanda Malama ta yi har ta yi ritaya: mutum ya zo da damuwarsa, a zauna da shi, a saurare shi, a riƙe masa sirri. A jarrabawar rubutu Rediyo ba ta da na biyu. Amma ranar gwajin zama da mutum sai da malaminsu ya dafe kai. "Baiwar Allah," ya ce, "mutum bai gama gaisuwa ba har kin ba shi mafita." Aka ce ta je ta shirya ta sake.

"Ina so yaron nan ya zauna kusa da ni kafin in tafi," in ji Malama. "In na tafi yana tsaye a bakin ƙofa, abin zai daɗe yana cin sa."

"Ki bar ni da shi."

Rediyo ta same shi a tsugune da sukurdireba, ta zazzage masa duk abin da ke cikinta: haƙƙin uwa, nadama, abin da littattafai suka ce game da masu gudun baƙin ciki. Wallahi magana ce mai kyau, babu kuskure ko ɗaya. Injiniya ya miƙe ya karkaɗe gwiwa. "Na gode, Anti." Ya ce zai je sayen ƙusa, bai dawo ba sai da rana ta faɗi.

Rediyo ta koma ɗakin Malama, kunya kamar ta nutse. Malama ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Har nan na jiyo ki. To shi me ya ce?"

"Bai ce komai ba."

"Kin bar masa wurin cewa?" Ta kurɓi ruwa. "'Yar nan, kin san abin da ke damunsa? Ni da na haife shi ma zato nake yi. Ba a zuwa wa mutum da amsa a aljihu."

Ta nuna kusurwar ɗakin. Kujerun katako biyu ne a nan, na tsohon ofishinta, da aka bar mata ranar sallama. Ba sa fuskantar juna kamar a kotu. A karkace take ajiye su, don in idonka ya yi wa mutum nauyi ya samu bangon da zai kalla.

"Waccan ɗingishi take yi. Gobe ki kai masa. Ki riƙe masa ita, kada ki ce uffan."

Washegari da hantsi Rediyo ta kai masa kujerar baranda. Ya kifa kujerar, ta riƙe, ya shiga kankare tsohon gam. Shirun nan ya yi wa Rediyo tsawo, harshenta har ƙaiƙayi yake yi. Mai sayar da ruwa ya wuce, wata mota ta yi ta ƙaho a bakin layi. Ta cije leɓe ta zuba wa ƙafar kujera ido.

"Na san kujerar nan," Injiniya ya ce can, bai ɗago ba. "In an tashi makaranta ofishinta nake zuwa, in jira a benci. Mutane su shiga, a rufe ƙofa, su fito ido ya yi ja amma suna murmushi. Ban taɓa zama a kanta ba. Mama ta ce ta masu damuwa ce."

Maganganu suka taso wa Rediyo har wuya. Ta haɗiye su. "Uhm," ta ce.

Ya shafa gam, ya ɗaure ƙusa, ya daɗe yana juya sukurdireban a hannu. "Muddin ina gyara wani abu, gani nake kamar ita ma za a gyara ta. In na zauna kuwa, shi ke nan, na yarda."

"Tsoro kake ji."

"Ƙwarai kuwa, Anti."

Ya goge ido da bayan hannu. Ba ta ce ya yi haƙuri ba, ba ta ce ya shiga ba. Tausayinsa ya cika ta, ta dai ci gaba da riƙe kujerar har gam ya kama.

Ya juyo da kujerar ya danna ta. "Simintin nan ba daidai yake ba. Sai an gwada ta inda za ta zauna."

Da kansa ya ɗauka. Rediyo ta bi bayansa har ta ɗaga hannu za ta nuna masa wurin, sai ta ga ya ajiye ta gefen gado, a karkace, yadda ya saba gani tun yana yaro. Ya zauna a hankali.

Malama ta buɗe ido. "Ta daina ɗingishin?"

"Ta daina, Mama."

"To kada ka yi saurin tashi, a tabbatar."

Rediyo ta fita ta jawo musu ƙofa. Da yamma mijinta ya tambaye ta me uwa da ɗa suka tattauna. Ta ce ba ta sani ba, ko ta sani ma ba zai ji ba. Ya dube ta ya ce lalle yau an ɗauke wuta a gidan rediyo.

Ba a sake jin guduma a gidan ba. Injiniya ya wuni a kujerar nan a wannan rana da washegari da sauran kwanakin, yana ba ta ruwa da cokali, wani lokaci har a jiyo dariyarsu ta taga. Wata rana bayan azahar Malama ta cika, hannunta a cikin nasa. Rediyo ta yi kuka sosai, don tana son tsohuwar nan, amma zuciyarta a kwance take.

Ranar da zai koma bakin aiki ya ƙwanƙwasa mata ƙofa, kujera ɗaya a kowane hannu. "Ta ce naki ne."

Da safen da za ta sake gwajin, Rediyo ta shirya da wuri. Ta jawo kujerun kusa da taga ta karkata su, ta zauna a ɗaya da jakarta a cinya. Rana ta shigo ta sauka a kan ɗayar, har ana ganin busasshen gam a gindin ƙafarta. Ta miƙa hannu ta ɗan girgiza ta. Ba ta motsa ba.