Tayar keken Baba

Ni dai ban san Baba ba. Ina da shekara biyu ya rasu, hotunansa kuma ruwa ya cinye su a tsohon gidanmu. Abin da ya rage kaset ɗin bidiyo ne guda ɗaya tal, wanda Goggo, yayarsa, ta ɓoye a ƙasan akwati shekara talatin da ɗoriya. Ranar da ta miƙo min shi ko ɗankwali ban gyara ba, na kai wa mai juya kaset, ya zuba min a filashi.

Da la'asar na jona a talabijin ɗin Goggo. Sai ga wani mutum a tsakar gida, gajere, mai ƙiba, kumatu kamar an hura, yana turo keke. Ashe haka ubana yake?

Goggo ta gyara tabarau, ta matso, ta ja da baya. "Wannan kuma wane ne?"

"Baba mana, Goggo."

"Allah ya sawwaƙe! Ƙanen nawa ne wannan buhun? Rigar dai tasa ce, muryar ma tasa ce. Amma yaron nan fa sai ya sunkuya yake shiga ƙofa."

Na rasa wanda zan yarda da shi, tsohuwa ko na'ura. To ni tela ce, shekara goma sha biyar ina auna mutane, idona ba ya barin abu ya wuce a karkace. Na mayar da hoton baya, na tsayar. Tayar keken ce ta tsaya min a rai, don ta yi kama da ƙwai a kwance. Na zaro abin awo daga jaka na ɗora a jikin talabijin: inci takwas a kwance, shida a tsaye. Wane keke ne zai yi tafiya da irin wannan taya?

Washegari da safe na dira a shagon. Ɗan lungu ne, tsofaffin na'urorin bidiyo jibge har rufi, wayoyi sun sarƙe a ƙasa, fanka tana ta ƙara ba iska. Mai shagon na ganin fuskata ya ajiye sukundireba.

"Malam, me ka yi wa ubana?"

Da na gaya masa zancen tayar, sai ya yi dariya ya jawo min kujera. Ya ce talabijin ɗin da can ba shi da faɗi sosai, huɗu ne a kwance, uku a tsaye. Na yanzu kuwa sha shida ne da tara. In ya bar hoton yadda yake, baƙin fili zai rage dama da hagu, mutane su dawo suna masifa wai ya ba su rabin aiki. Shi ya sa yake jan hoton ya cika allo.

Na ce, "Wato in ɗinka wa siriri riga ta yi masa yawa, sai in kama mutumin in ja shi har ya cika ta?"

"Kusan haka ne, Malama."

Fushina ya fara sauka, son sani ya hau. Na ce ya nuna min duka. Ya danna, hoton ya cika allo ba tare da an ja shi ba, amma kan Baba ya tafi, sai wuya da kafaɗa. Na yi salati. Ya sake dannawa, baƙi ya fito a gefe biyu, taya ta koma zagayayya, mutumin ya miƙe sambal kamar takobin da aka zare daga kube. Dogo ne, siriri, mai dogon wuya.

"Haka nake so. Yanzu ka fito min da fuskar tas, irin hoton waya."

Ya girgiza kai. Ya ce layukan da ke cikin kaset ƙidayayyu ne, ba su kai ɗari shida ba. Ya ƙara girman don in gani da idona, fuskar ta dame kamar tawada a jiƙaƙƙiyar takarda. "Abin da kyamara ba ta ɗauka ba a ranar, ba ni da inda zan samo shi."

Wallahi abin ya yi min ciwo, idanunsa nake son gani. Na ce ya bar shi a ƙaraminsa, huɗu da uku, kada ya ƙara masa komai.

Da na koma gida na jona, wannan karon Goggo ba ta taɓa tabarau ba. Ta ce "Dogo," a hankali. Ina tsaye a bayanta ina ta ƙura wa fuskar ido, ba na ganin komai sai dishi-dishi. Baba ya jingine keken, ya tsaya yana magana da wani, ya naɗe ƙafar hagu a bayan ta dama kamar zalɓe.

Goggo ta waiwayo, ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Ke, sauke ƙafar nan."

Na duba ƙasa. Ƙafata ta hagu tana naɗe a bayan ta dama.

"Tun kina yarinya nake miki faɗa a kan tsayuwar nan," in ji ta. "Ba rashin kyau ne da ita ba. Ni ce ba na iya kallo."