Mutumin da Marten Ta Bari a Tudu

Jabez Orne maɗinkin filafilan jirgin ruwa ne, kuma shekara uku ya yi a cikin Marten, jirgin yaƙi mai igwa goma sha takwas. Lokacin ana tsakiyar yaƙi da Ingila. Cikin mutum ɗari da arba'in da ke jirgin, ashirin da uku 'yan garinsu ne, Marblehead, waɗanda suka taso tare suna kamun kifi.

Wata rana igiyar igwa ta tsinke, ƙarfen ya gangaro ya murƙushe masa ƙafar hagu. Da suka tsaya ɗiban ruwa a garin Savannah, likitan jirgi ya ce a sauke shi. Amininsa Amos Doliber, mai harba igwa, shi ya goyo shi har asibiti.

"Wallahi ka iya dabara," in ji Amos yana haki. "Mu muna can muna cin biskit mai tsutsa, kai kana nan kana miƙe ƙafa a gado."

"Ƙafar da ta saura, ko?"

"Ai ɗaya ta ishe ka, maɗinki da hannu yake aiki. Wata biyu mu dawo mu ɗauke ka. Kada ka yi ƙiba, ba zan sake goyon ka ba."

Ta tagar asibiti Jabez ya ga Marten ta fita da safe, iska ta cika filafilan da ya ɗinka da hannunsa. Wata biyu suka wuce, huɗu suka wuce. Yaƙi ya ƙare, jirage suka yi ta komowa ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya ga Marten, ba wanda ya tsinci ko katakonta.

Ya koma Marblehead da sanda. Tun a bakin gaɓa mata suka kewaye shi, kowace tana kiran sunan mijinta ko ɗanta. Ya gaya musu iyakar abin da ya sani: lafiya lau ya bar su, sun nufi kudu. Washegari wasu suka zo, ya sake maimaitawa. Da suka gane ba shi da wani labari bayan wannan, sai suka daina zuwa. Ba wanda ya zage shi. Amma in ya shigo layi yana ɗingishi, sai hira ta mutu, wata ta ja ɗanta ta shige gida. A coci ma bencin da yake zama shi kaɗai ne a kai.

Ya kama ɗaki a saman wani rumbun gishiri, yana yi wa masunta faci. Wani lokaci ya wuni bai yi magana da kowa ba sai mage.

Ran nan dusar ƙanƙara na zuba, ya ji ana hawo matakala a hankali. Tabitha ce, mahaifiyar Amos, wadda tun dawowarsa yake kauce wa ƙofarta.

"Guduna kake yi, Jabez?"

"A'a, Inna. Ban san abin da zan ce miki ba ne."

"Ni ban zo tambayar inda suke ba. Na san ba ka sani ba." Ta zauna a kan naɗin zane. "Gaya mini, yana cin abinci sosai a jirgin?"

Jabez ya ajiye allura. "Yana ci, Inna. Har nawa yake haɗawa."

Tsohuwa ta yi dariya har ta share ido da gefen mayafi. "Haka yake tun yana ƙarami, ɗan banza."

Daga nan kowace Lahadi yakan je gidanta. Ta dafa wake da busasshen kifi, shi kuma ya ba ta labarin kwanakin da ba abin da ya faru a cikinsu: yadda Amos ya koya wa aku zagin mai dafa abinci, yadda yake waƙa da muguwar murya in ana wanke dandamali. Ranar da takardar hukuma ta iso cewa an cire Marten daga jerin jirage, shi ya karanta mata, ta ce ya ci gaba da labarin akun.

Hunturu shida suka yi haka, sannan ta rasu.

Bayan jana'iza Jabez ya tattara alluransa ya koma Boston, inda ake ƙera jiragen yaƙi, aka ɗauke shi aiki. A can ba wanda ya san shi. Shekara tara yana wurin aka ƙera sabon jirgi, aka sa masa suna Marten. Cikin waɗanda suka ɗinka filafilansa har da shi.

Ranar da za a tura jirgin ruwa, jama'a ta cika gaɓa, ana buga ganguna. Wani hafsa ya gan shi tsaye a gefe.

"Baba, an ce da can akwai wata Marten. Ka taɓa ganin ta?"

"Na gan ta," in ji Jabez.

"Yaya take?"

Ya buɗe baki zai amsa, sai aka harba igwa, jirgin ya zame cikin ruwa, hafsan ya ruga wajen abokansa yana kaɗa hula. Jabez ya ɗan jira ko zai dawo. Da taro ya watse, ya hau ɗakin ɗinki da ke sama ya ci gaba da ɗinkin da ya bari.