Ɗan Tsibirin da Bai Iya Ruwa Ba

Mijina Teokotai bai iya ruwa ba, kuma duk duniya ni kaɗai na sani. A tsibirin Aitutaki aka haife shi, amma yana ɗan shekara huɗu gwaggonsa ta ɗauke shi riƙo zuwa birnin Auckland. Can ya tashi a kan kwalta, can ya zama direban bas. Ana saura mako guda bikinmu ya faɗa mini, ya sa na rantse ba zan gaya wa kowa ba. A ce ɗan Aitutaki bai iya ruwa ba? A wajenmu gara a kira mutum ɓarawo.

Da ya kama bakinsa ma da sauƙi. Ina! Tun yaranmu suna ƙanana yake cika su da labari: wai ya yi tsere da kunkurun teku, wai yana nutso ya kamo kifi da hannu. Ina jinsa, sai dai in taɓe baki in ci gaba da wanke-wanke. Ngametua, babbar 'yarmu mai shekara goma sha biyar da muke kira Nga, a makaranta ta koyi iyo har tana ciyo kyauta, kuma kullum cewa take gadon ubanta ta yi.

Da hutun Kirsimeti muka kai su gida Aitutaki karo na farko. A kwana na uku Papa Tutai, kawun mijina, ya ɗebe mu a jirginsa mai inji zuwa can ƙuryar tafki, inda kifaye suka fi yawa. Ya jefa anga kusa da wani tudun yashi, ya zazzage buhun tabarau na ruwa da bututun numfashi a gabanmu. Ni ina da cikin wata bakwai, don haka zaman jirgi ya kama ni, ni da kular abinci.

Papa Tutai ya ɗaura wa Rima, ƙaraminmu, rigar ceto. Sai ya ɗaga wata ya kaɗa ta a fuskar mijina.

"Kai fa, ɗan birni? Ta Turawa ce, amma idan tsoro kake ji sai in ara maka."

"Haba Kawu, ni za ka yi wa wannan cin fuskar a gaban 'ya'yana?" in ji Teokotai yana dariya.

Na matsa kusa da shi kamar zan gyara masa tabarau, na ce ƙasa-ƙasa, "Baban Nga, karɓi rigar nan don Allah."

"Ke dai, Moeroa. Ruwan iya ƙirji ne. Tsayawa kawai zan yi in leƙa."

"Idan ka mutu wallahi ba zan yafe maka ba."

Ya lakace mini hanci ya sauka.

Da farko komai lafiya. Yana tsaye a kan yashi, ya duƙa ya cusa fuska a ruwa, yana kaɗa hannu kamar mai iyo. Daga nesa ba mai cewa ƙafarsa a ƙasa take. Yara suna kewaya shi, suna ɗagowa suna ihun abin da suka gani. Papa Tutai ya juya musu baya yana yanka ɗanyen kifi, zai kwaɓa mana da lemon tsami da madarar kwakwa. Ni kuwa idona bai bar mijina ba. Bayan tudun da yake tsaye ruwan ya canza, daga fari-fari ya koma shuɗi mai duhu, kuma na lura ganyen kwakwar da ke yawo a sama duk can suke tafiya. Ruwa ya fara janyewa.

Sai Rima ya ƙwala kira. "Baba, kunkuru! Zo ka yi tsere da shi!"

Teokotai ya yi taku ɗaya. Ya ƙara wani. Na ga ruwa ya kai masa haɓa, na ga ya juyo zai dawo, sai yashin ya zame a ƙarƙashin ƙafarsa.

Ashe mai nutsewa ba ya ihu. Kansa kawai ya karkata baya, bakinsa a buɗe daidai saman ruwa, hannayensa suna danna ruwan kamar mai neman abin dafawa. Ya shige, ya fito, bututun yana lilo a gefen kunnensa.

Bakina ya buɗe, amma rantsuwar nan ta hana ni kira. Na ce a raina ƙila ƙafarsa ta sake samun ƙasa, ƙila ya fita ba wanda ya gane. Idan na yi magana, da wane ido zai kalli kawunsa da 'ya'yansa? Ina tsaye ina wannan lissafin banza ya sake shigewa.

"Papa!" na ce. "Papa, bai iya ruwa ba!"

Tsohon ya waiga, ya hango shi, ya tuntsire da dariya. "Rabu da shi, 'yata, wasa yake wa yara. Jikan mahaifina Papa Ngaro ne fa, a ruwa aka yanke musu cibiya."

Na fizge kwanon kifin na yi jifa da shi, na ci kwalar tsohon da hannu biyu, abin da ban taɓa mafarkin zan yi wa suruki ba.

"Na rantse da Allah bai iya ba! Bai taɓa iyawa ba, duk ƙarya ce! Mutuwa yake yi!"

Muryata ta karaɗe tafkin. Dariyar Papa Tutai ta ɗauke. Ya ja igiyar anga, ta ƙi zuwa, ta maƙale a dutse, sai ya datse ta da wuƙar kifi. Ya finciki igiyar inji, injin ya yi tari ya mutu. Ya sake, ya sake mutuwa. Ni dai Yesu kawai nake kira.

Ngametua ta ji ni. Na ga ta ɗago ta dube ni, sannan ta kifa kai ta nufi ubanta.

"Nga, kar ki taɓa shi!" in ji Papa Tutai da iya ƙarfinsa. "Ta baya! Ki bi ta baya!"

Kanta na cikin ruwa, ba ta ji ba. Ta gaba ta je masa, hannu a miƙe. Shi kuwa bai san waye ba. Ya damƙe ta a wuya da kafaɗa, ya haye kanta da duk nauyinsa, mutum mai kilo ɗari da wani abu. Su biyun suka yi ƙasa.

Injin ya tashi. Muka isa kansu, Papa Tutai ya kashe shi kada farfela ta sare su. Ruwan nan garau yake, ba ya ɓoye komai, kuma wannan ne abin da ya fi komai muni. Ina leƙe ta bakin jirgi ina ganinsu tar, kamar a cikin kwalba. Gashin 'yata ya baje, tabarau ɗinta ya fita, tana dukan ƙirjinsa, kumfa na fita daga bakinta. Na ji ɗumi yana bin ƙafata, ban ma san na yi fitsari ba. A raina na ce shi ke nan, biyu zan binne.

Sai na ga fuskarsa ta zo daidai tata. Ya tsaya cak. Yatsunsa suka buɗe, ya sa tafin hannu a cikinta ya tura ta sama. Shi kuma ya bar fafutuka, ya ci gaba da sauka a hankali, idonsa a buɗe.

Ngametua ta fasa ruwa tana kakari, na kamo ta da gashi na manna hannunta a bakin jirgi. Papa Tutai, da shekarunsa saba'in, ya riga ya faɗa da igiya a bakinsa. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba. Rima yana can yana yawo cikin rigarsa yana kiran Baba, Baba, ba mai amsa masa.

Tsohon ya fito riƙe da wuyan rigar mijina ta baya. Muka ja igiya ni da Nga har kan tudun yashi. Leɓɓan Teokotai sun yi toka. Nga ta durƙusa ta shiga danna masa ƙirji yadda aka koya musu a makaranta, tana ƙirgawa tana kuka. Can sai ya shaƙe, ya juya, ya amayo ruwan gishiri da shayin safe.

Muka kama hanyar komawa. Teokotai yana kwance a ƙasan jirgi an lulluɓe shi da tawul, ya rufe ido, amma na san ba barci yake ba. Papa Tutai ya kafa wa hanya ido, yana riƙe da inji. Nga tana zaune kusa da ni, shatin yatsu huɗu ya fito ja wur a wuyanta. Na kai hannu zan shafa, ta kauce.

"Mama," ta ce, muryarta a dishe. "Tun yaushe kika sani?"

"Tun kafin a haife ki."

"Kuma kina kallo ya ƙi rigar?"

"Na roƙe shi, Nga. Alkawari na yi masa."

"Da ya nutse na farko kin gani?"

Na so in ce a'a. Na dubi wuyan nan nata, ƙaryar ta ƙi fita.

"Na gani."

Ta jima tana kallona. Sannan ta tashi, ta tsallake kular abinci, ta je ta zauna a ƙasan jirgi ta ɗora kan ubanta a cinyarta, ta juya mini baya.